Ni Russell na gani ya ci tsere, ya aka yi aka ba Hamilton?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni sabon shiga ne a kallon tseren motoci na Formula 1, wani abokina a Fagge ne ya koya min. Ina bin tsofaffin tsere a waya sai na ci karo da na Beljiyam na 2024, da idona na ga George Russell ya riga kowa tsallake layi, ya hau dandamali ya ɗaga kofi, amma da na duba sakamako sai na ga wai Lewis Hamilton ne ya ci, sunan Russell ma yana can ƙasa. Don Allah magudi ne ko su ma suna da inkonkulusib irin namu?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ka ba ni dariya da maganar inkonkulusib, mu Kanawa dai ba za mu manta 2019 ba. To ba magudi ba ne, kuma idonka bai yaudare ka ba, Russell ɗin ne ya fara tsallake layi a Spa, filin tseren Beljiyam, ranar 28 ga Yuli 2024. Abin da ba a nuna muku a bidiyo shi ne, in an kaɗa tutar nan mai baƙi da fari sakamakon wucin gadi ne kawai, sai motoci sun je hannun masu bincike na FIA, hukumar da ke kula da tseren motoci ta duniya, an auna an duba, sannan alƙalan tsere su sa hannu.

Ga yadda abin ya faru. Tseren zagaye 44 ne a hanya mai tsawon kilomita 7, ita ce mafi tsawo a jadawalin. Russell daga na 6 ya tashi, ya shiga gareji ya canza taya a zagaye na 10, daga nan sai ya ga taya mai tauri da aka sa masa tana riƙe shi, ya ce shi fa ba zai sake tsayawa ba. Yawancin sauran manyan sau biyu suka tsaya. Haka ya lallaɓa tayoyin nan har tsawon zagaye 34 da suka rage, Hamilton abokin aikinsa a Mercedes ya biyo shi da tayar da ta fi tasa sabunta yana neman wuce shi amma ina, suka gama da ratar kusan rabin daƙiƙa. Gaskiya tuƙi ya yi, ni har yanzu ina ganin yana cikin mafi kyawun da ya taɓa yi.

Sai aka zo sikeli. Dokar shekarar ta ce mota da direbanta, ba tare da mai a tanki ba, kada su gaza kilo 798. Da aka fara ɗora motar sai ta nuna 798 cif, amma ashe akwai sauran mai a ciki, da aka zuƙe lita 2.8 aka sake aunawa sai ga 796.5. Kilo ɗaya da rabi kenan ta rasa. Shi kenan aka soke shi daga tseren gaba ɗaya, Hamilton ya koma na ɗaya, nasararsa ta 105 kenan kuma ita ce ta ƙarshe da ya ci wa Mercedes kafin ya tafi Ferrari, Oscar Piastri ya zama na biyu, Charles Leclerc na uku, Max Verstappen ya hau na huɗu.

Za ka ce ina kilo ɗaya da rabin ya tafi? Nan ne abin yake da daɗi. Dabarar da ta ba shi nasara ita ce ta taimaka wajen kayar da shi. Taya in ta daɗe tana gudu robar jikinta suɗewa take, kuma tayoyi huɗu ne manya, kowace ta zubar da nata kason a kan kwalta. Injiniyoyin sun yi lissafin nauyi ne da tunanin zai tsaya sau biyu ya gama da taya mai sauran nama. Ga wani katako da ake liƙa wa motar a ƙarƙashinta shi ma yana cinyewa, ga direba kansa yana zubar da gumi a cikin wannan riga mai kauri, duk ragi ne. Sannan akwai wata dabara da direbobi suke yi, in an gama tsere a zagayen komawa gareji sai ka ga suna barin tsakiyar hanya suna bin gefe inda ɓurɓushin roba ya taru, tayar tana da zafi sai ta kwashe shi ya manne, nauyi ya ɗan ƙaru. To a Spa saboda tsawon hanyar ba a yin wannan zagayen, ana wuce kwanar farko sai a juyo cikin gareji, babu damar kwasar komai.

Mutane da yawa suna cewa haba, kilo ɗaya da rabi a mota mai kusan kilo 800 ai sai a yafe. Ni ban yarda ba. Ƙiyasin da injiniyoyi suka saba yi shi ne duk kilo 10 yana cin kusan kashi uku cikin goma na daƙiƙa a kowane zagaye, to ka tuna da rabin daƙiƙa aka raba su bayan gudun kilomita sama da 300. Kuma dokar awo ba ta tambayar niyya, ko da gangan ne ko kuskure hukuncin ɗaya ne, don in aka yafe wa wannan gobe kowa zai zo da mota mara nauyi ya ce kuskure ne. Su kansu Mercedes ba su ja ba, sun amsa cewa kuskurensu ne. Asarar kuwa ba ƙarama ba, na ɗaya maki 25 yake samu na biyu 18, da sun tashi da 43 sai suka tashi da 25.

Kuma ba Russell kaɗai abin ya taɓa samu ba, Hamilton ɗin da ka ga ya amfana shi ma ya sha. A Austin ta Amurka a 2023 ya gama na biyu aka soke shi tare da Leclerc saboda katakon nan na ƙasa, a dokar shekarar kaurinsa milimita 10 ne kuma ba a yarda ya cinye ya gaza 9 ba, tun 1994 aka kawo shi bayan rasuwar direba Ayrton Senna a hatsarin tsere don a hana a riƙa kwantar da mota ƙasa sosai. Wani lokacin kuma ba sikeli ba ne, hukuncin lokaci ne, a Kanada a 2019 Sebastian Vettel ne ya fara tsallake layi amma an riga an ƙara masa daƙiƙa 5 saboda ya faɗa ciyawa ya dawo kan hanya ya matse Hamilton, sai nasara ta koma wajen Hamilton, Vettel don haushi har ya je ya ɗauke allon lamba 1 daga gaban motar Hamilton ya ajiye masa lamba 2.

In kana kallo kai tsaye ka ɗan jira awa biyu zuwa uku bayan an tashi kafin ka fara tsokanar abokin naka na Fagge, a shafin FIA ake sa takardar sakamakon ƙarshe da alƙalai suka sa wa hannu, ita ake lissafin maki da ita.