Amsa ga Kawu a Maraɗi: Abin da ya kai jikarku cikin coci da goge a hannu

Kawu, ina gaishe ku tare da fatan an kammala aikin kaka lafiya, gero ya shiga rumbu. Saƙonku ya iso mini, kuma na fahimci cewa hoton da mahaifiyar yarinya ta aika gida ne ya tayar muku da hankali, wato wanda aka ga jikarku zaune da goge a kafaɗa, ga gicciye a bango ta bayanta. Kun tambaye ni ko mu Hausawan da muka daɗe a Jamus mun fara sakaci da addini ne. Tambaya ce ta uba, kuma tun da na san akwai iyaye da yawa a gida masu irin wannan damuwa, na ga ya dace in amsa ta a fili.

Na san abin da ke zuwa zuciyar mutumin Maraɗi idan ya ji waɗannan kalmomi. Goge a wurinmu na ƴan bori ne da gidajen mata masu zaman kansu, orkes kuwa na mashaya ne da rawar dare, coci kuma wurin ibadar Kirista ce da ake jin ganga da lasifika daga cikinta ranar Lahadi. Idan aka haɗa ukun wuri ɗaya, dole gaban mutum ya faɗi. To amma abin da aka yi a daren nan ba ibada ba ce, ba rawa ba ce. Makarantar kiɗa ta birni, inda yarinyar take koyo bayan an tashi daga boko, ita ce ta karɓi aron cocin unguwarmu don ɗalibanta su nuna wa iyaye abin da suka koya a shekara. An sayar da tikiti a ƙofa a kan yuro 15, kusan jaka goma ke nan a kuɗinmu, ba a yi wa'azi ba, ba a yi addu'a ba, kuma limamin cocin bai ce komai ba in ban da barka da zuwa. A watan Disamba rana tana faɗuwa a nan wajen ƙarfe huɗu, saboda haka sai da muka yi Magariba da Isha'i a gida kafin mu fita.

Dalilin zaɓen coci ba ɓoyayye ba ne. Wannan kiɗa ba a sa masa lasifika, ginin ne yake ɗaukar sauti, kuma dogon gini na dutse mai rufin baka yana riƙe murya ta ɗan jima tana yawo a sama bayan mai waƙa ya rufe baki. Ga shi kuma mafi yawan mutanen Laifzig, birnin da muke zaune, ba su bin kowane addini tun zamanin mulkin gurguzu na Jamus ta Gabas, don haka cocin da aka gina wa ɗaruruwan mutane takan wuni babu kowa, alhali ɗumama ta lokacin sanyi da gyaran rufinta suna cin kuɗi mai yawa. Bayar da ita ga makaɗa yana rage wa masu ita nauyi.

Shi kansa kiɗan, Kawu, da za ku gan shi da idonku da kun gane kayan da yawa. Gogen Turawa tsirkiya huɗu ne da shi, kuma iri huɗu ne, daga ƙarami da ake ɗorawa a kafaɗa har zuwa wani ƙato da sai an tsaya tsaye ake goga shi. Akwai wata algaita ta baƙin itace mai siririyar murya, wadda ita ce take fara busa sauti guda don kowa ya daidaita kayansa da shi. Akwai ƙahonin tagulla masu amo irin na kakakin fadar Sarkin Katsinan Maraɗi, da manyan ganguna masu kama da tambari. Mawaƙa kuwa ana raba su murya huɗu, biyu na sama biyu na ƙasa, kowane rukuni yana bin hanyarsa dabam amma a lokaci ɗaya, ba kamar tsarinmu na uban waƙa ya bayar ƴan amshi su karɓa ba. Abin da ya fi ba ni mamaki tun farkon zuwana shi ne komai a rubuce yake bisa layuka biyar, har da inda za a sassauta da inda za a yi shiru, kuma wani mutum yana tsaye a gaba da ƴar sanda yana nuna wa kowa lokacin shigarsa. Masu sauraro ba sa liƙi, ba sa guɗa, ba sa ma tafi sai an kai ƙarshen kiɗan gaba ɗaya, har tari mutum yakan danne.

Wannan birni yana ji da abin ne saboda wani mutum mai suna Johann Sebastian Bach, wanda ya shugabanci mawaƙan cocin Waliyyi Tomas daga 1723 har mutuwarsa a 1750, wato fiye da shekara hamsin kafin jihadin 1804 da ya yi sanadin kafuwar Maraɗi. Rukunin yara maza da ya koyar an kafa shi tun 1212, kuma har yau yana nan, kabarinsa kuma yana cikin cocin. Yaron da ya tashi a nan bai san wannan suna ba kamar wanda ya tashi a Tibiri ne bai san Bawa Jan Gwarzo ba.

Yanzu ga wurin da muke taka-tsantsan, kuma ba zan ɓoye muku cewa akwai wurin ba. Yawancin waƙoƙin da wannan mutum ya tsara na addininsa ne, kuma a cocin Tomas ana rera su yammacin Juma'a da ranar Asabar tare da karatun Littafinsu da addu'a, jama'a suna miƙewa suna amsawa. Wannan ibada ce, kuma babu wanda na sani a cikinmu da yake kai iyalinsa. Mu Hausawan nan ba mu da yawa, daga Nijar da Nijeriya da zangunan Gana da Togo, kuma mun sha tattauna batun bayan sallar Juma'a. Akwai waɗanda suka hana ƴaƴansu kiɗa kwata-kwata, suna bin malaman da suka haramta shi, kuma ina girmama su ƙwarai. Mu da muka bari, abin da muka tsaya a kai shi ne kalmomi: yaro zai iya goga kiɗan da babu waƙa a cikinsa, amma ba zai buɗe baki ya furta cewa Allah yana da ɗa ba, ko da Latin ne ko da Jamusanci, ko da malamin ya ce murya kawai ake koyo. Kafin kowane taro nakan karɓi takardar shirin in karanta fassarar duk abin da za a rera. A daren da aka ɗauki hoton, da aka zo kan waƙoƙin Kirsimeti a kashi na biyu, jikarku ta sauko ta zauna kusa da mahaifiyarta, kuma malamar ta san da haka tun makonni kafin ranar, ba ta kuma nuna wani ɓacin rai ba.

Ni kaina sau ɗaya na taɓa zama na saurari babban aikin Bach da ke ba da labarin gicciye Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wanda yake ɗaukar kusan awa uku. Daɗin sautin ya ratsa ni, ba zan yi muku ƙarya ba, amma na zauna ina sane da abin da aya ta 157 ta Suratun Nisa'i ta faɗa, cewa ba su kashe shi ba kuma ba su gicciye shi ba. Na fito da imanina yadda na shiga da shi, na kuma gane abin da ke sa maƙwabtana tsofaffi hawaye, sai dai ban sake komawa ba, domin zuciyata ba ta natsu da zama awa uku ina jin daɗin labarin da ban yarda da shi ba.

Yarinyar tana zuwa Islamiyya kowace Asabar da Lahadi, kuma ta kusa sauke izu biyar. Zan aiko muku da bidiyon daren gaba ɗaya ta wayar ƙanena don ku gani daga farko har ƙarshe, ku kuma nuna wa malamin da kuka amince da shi. Idan Allah ya kai mu hutun damina za mu zo gida, kuma ta roƙe ni ta taho da gogen don ta kaɗa muku a tsakar gida. Na gaya mata cewa ba za a buɗe akwatinsa a gidanku ba sai kun ba da izini. A gaishe mini da Inna da sauran mutanen gida.