Amsa ga 'yar'uwar da aka ce mahaifinta na da mesotiliyoma

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Kin ce ya haura shekara sittin, ruwa na taruwa masa a ƙirji, an ɗora shi a kan maganin tarin fuka bai ji dama ba, yanzu kuma likita ya ambaci mesotiliyoma, har ya tambaye shi ko ya taɓa aiki da asbestos. Kina son ki san wace irin cuta ce, ko ana ɗaukarta, da yadda aikin da ya bari tun kina goye zai zama sanadi, alhali ko sigari bai taɓa kaiwa bakinsa ba. Ni ba likita ba ce, amma da wannan cutar na yi jinyar mahaifina har Allah ya yi masa cikawa. Abin da idona ya gani da abin da likitocinsa suka fahimtar da mu shi zan faɗa miki.

Ciwon daji ne, sai dai ba a cikin naman huhu yake tsirowa ba. Akwai wani siririn tantani mai ninki biyu, ɗaya manne da huhu, ɗaya manne da haƙarƙari ta ciki, da ɗan danshi a tsakaninsu wanda ke sa huhun ya riƙa zamewa a duk numfashi. A nan cutar take kama wuri. Galibi ba ta yin ƙullutu guda da za a ce a yanke a huta. Shimfiɗuwa take yi, tantanin ya yi ta kauri har ya matse huhun kamar rigar da ta yi wa mutum kaɗan, tsakanin ninkin kuma ruwa ya cika. Haki da ciwon gefen ƙirjin da kike gani daga nan suke. Irin wannan tantanin yana nan a cikin ciki da kewayen zuciya da na 'ya'yan maraina, duk tana iya kamawa, amma kusan uku cikin huɗu na masu ita ko fiye a ƙirji ne.

Ba a ɗaukarta. Ku zauna kusa da shi, ku riƙe hannunsa, jikoki su shiga su fita, babu komai. Sigari kuma ba ya kawo ta, shi ya sa rashin shansa bai kare Baba ba.

Asbestos ma'adini ne da ake haƙowa daga ƙasa, idan an farfasa shi sai ya warware zare-zare. Wuta ba ta cinsa, ba ya ruɓewa, ga araha, don haka a ƙarnin da ya wuce babu inda ba a cusa shi ba: rufin siminti, silin, bututun ruwa, naɗin bututun tururi, ɗakin injin jirgin ruwa, birkin mota da kuloc. Ƙurarsa da ta fi illa ido ba ya ganinta, ba ta da wari, ba ta sa mutum tari a ranar. Zaren yakan shige can ƙasan huhu ya kai ga tantanin, jiki ya kasa narkar da shi, ya kasa fitar da shi, wurin ya yi ta kumburi a ɓoye. Kafin cuta ta bayyana akan ɗauki shekara 20 zuwa 50. To kin ga tsawon lokacin da ya ɗaure miki kai, shi ne ainihin halin cutar.

Tun 1960 aka tabbatar da alaƙar. Wani likita a Afirka ta Kudu, Christopher Wagner, ya wallafa bayanin majinyata 33, kusan dukkansu sun shaƙi shuɗin asbestos da ake haƙa a yankin Kef, wasunsu ma ba su taɓa aiki a mahaƙar ba, kusa da ita kawai suka zauna. A Ostiraliya akwai garin Wittenoom, an rufe mahaƙarsa a 1966, daga baya gwamnati ta share sunan garin daga taswira saboda gurɓacewar wurin. Asbestos iri-iri ne, Birtaniya ta haramta shuɗi da mai ruwan ƙasa a 1985, fari a 1999, amma har yau mutum sama da 2,000 ke mutuwa da cutar a can kowace shekara, bashin ƙurar da aka shaƙa tuntuni. Rasha da Kazakistan da Sin kuwa har gobe haƙa suke suna sayarwa. Idan wani ya ce miki ai farin ba shi da illa, kada ki yarda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowane irinsa yana jawo ciwon daji.

Abin da nake so ki fi riƙewa a duk maganata shi ne tarihin aikin Baba. Ki samu lokacin da yake da ɗan kuzari, ki zauna da biro da takarda, ki bi shi a hankali tun daga aikinsa na farko, har da na koyo da na wucin gadi. Kada ki tambaye shi ko ya yi aiki da asbestos, zai ce a'a, domin yawancinsu ba a taɓa faɗa musu sunan abin ba. Ki tambaye shi me hannunsa yake taɓawa, me yake yankawa, wa ke aiki kusa da shi. Namu mahaifin da aka bi da shi ta haka, sai ga shi yana ba da labari da dariya: a wata masana'anta lokacin samartakarsa, wani farin gari suke juyewa daga buhu cikin bokiti, su kwaɓa da hannu, su shafe bututun tururi da shi. Idan aka tashi aiki girarsu da gashin hancinsu sun yi fari fat, suna tsokanar juna da tsofaffi. Kayan aikin kuma gida yake kawowa, mahaifiyarmu ta kakkaɓe su kafin ta jiƙa. Wannan takardar ita ta sauya alƙiblar binciken likitoci, bayan mun daɗe muna zarya.

Zaryar kuwa kusan kowa ya yi ta. Rama, zufar dare, tari, ruwa a ƙirji, duk alamomin tarin fuka ne, kuma shi ya fi yawa nesa ba kusa ba, don haka ban ga laifin likitan da ya fara da shi ba. Inda nake da ja shi ne a ga maganin ba ya aiki, ruwan na dawowa a gefe guda, a ci gaba da zuƙewa ana sallamar mutum. Gwajin ruwan da aka zuƙo sau da yawa ba ya nuna cutar ko da tana nan. Hoton ƙirji da na siti sikan zato suke ƙarfafawa. Abin da ke yanke hukunci shi ne a ɗebo ɗan naman tantanin, da allura ko ta ƙaramar kafa da kyamara, a duba shi da sinadarai na musamman da ke bambanta ta da kansar huhu da ta yaɗu. Idan ba a yi wannan ba tukuna, to sunan cutar bai tabbata ba, ki nemi a yi. In an yi, ki tambayi wane nau'i ne. Efiteliyoyid shi ya fi yawa kuma ya fi jin magani, sakomatoyid ya fi gaggawa, akwai kuma wanda ya haɗa biyun.

Ba zan yi miki daɗin baki ba, cuta ce mai nauyi, kuma ga mafi yawan mutane magani rage mata gudu yake yi, ba kawar da ita ba. Kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji da ake ɗurawa ta jijiya, wanda aka daɗe ana bayarwa shi ne haɗin Alimta da sisfilatin, tun 2004, kuma tare da shi ake ba da sinadarin folik da allurar bitamin B12 don rage illarsa, kada a yi wasa da su. A 2020 Amurka ta amince da haɗin Opdivo da Yervoy, masu zaburar da garkuwar jiki. A gwajin da aka yi, matsakaicin rayuwar waɗanda aka ba su ya kai kimanin wata 18, na masu kemo kimanin wata 14, kuma masu nau'in nan mai gaggawa su suka fi amfana. Wannan lissafin taron jama'a ne, ba wa'adin Baba ba ne, akwai waɗanda suka zarce shi da shekaru. Batun babbar tiyata kuwa, a yi hattara. Wani bincike a Birtaniya da aka wallafa a 2024 ya nuna waɗanda aka yi wa tiyatar ɗaye tantanin haɗe da kemo ba su fi masu kemo kaɗai tsawon rai ba, wahala ma suka fi sha. Mai cutar a cikin ciki lissafinsa daban ne, shi tiyata da wanke cikin da kemo mai ɗumi takan taimaka sosai idan ya cancanta.

A wurinmu, abin da ya fi sauya rayuwarsa ta yau da gobe shi ne maganin ruwan. Ranar da aka fara zuƙe masa, ina kallon ruwan rawaya na sauka cikin jaka, ya ɗan yi tari, can sai na ga kafaɗunsa sun sauka, ya faɗi magana doguwa ba tare da ya tsaya neman iska ba. Ba a zuƙe shi duka lokaci guda, akan tsaya wajen lita ɗaya da rabi, kada ki ɗauka rowa ce. Tunda yana dawowa, ki tambayi hanya mai ɗorewa. Ko dai a zuba hodar talk ta asibiti a tsakanin ninkin biyu su manne, ruwa ya rasa wurin zama, wannan sai idan huhun yana iya buɗewa, ko kuma a saka ɗan siririn bututu na dindindin da za a riƙa zubarwa a gida.

Sai ciwo. Mutane na tsoron mofin, wato maganin ciwo mai ƙarfi, suna ganin in an fara shi to an sallama. Ba haka ba ne. A hannun likita, ɗan kaɗan ɗinsa na rage ciwo, yana rage hakin ma, sai dai a haɗa da maganin taurin bayan gida tun ranar farko. Idan ciwon ya tsaya wuri guda akan yi masa gashi da na'urar haske a asibiti, wato radiyoterafi. Ƙaramar fanka da ke hura iska a fuska tana sauƙaƙa haki fiye da yadda kike zato, haka ma kwanciya a jingine da matasai. Ku nemi sashen masu kula da sauƙaƙa wa majinyaci tun yanzu, kada ku jira sai abu ya yi tsanani.

Ku 'yan gida kuma, duk wanda ya wanke ko ya kakkaɓe kayan aikin Baba a wancan zamanin ya sanar da likitansa, musamman Mama. Ba abin tayar da hankali ba ne, mafi yawan waɗanda suka shaƙi ƙurar ba sa kamuwa. Amma in haki ko ciwon ƙirji ya ƙi tafiya, a je asibiti a faɗi tarihin. Mai shan sigari a cikinku ya daina, domin sigari da asbestos in suka haɗu kansar huhu suke ninkawa. Takardun aikinsa da sakamakon gwaji ki adana su wuri guda, a ƙasashe da yawa doka ta tanadi diyya kuma tana da wa'adi.

Na ga wani a ƙasan tambayarki yana cewa ku ɓamɓare silin gidanku tun da wuri. Malam, da girmamawa, wannan shawarar ta fi zama da silin haɗari. Asbestos da ke cikin siminti, bai fashe ba, bai rududduge ba, ƙurar da yake saki kaɗan ce ƙwarai. Ɓarnar tana zuwa ne idan aka sa masa zarto ko injin huji ko aka goge shi, ko aka share tarkacensa a bushe. In yana da lafiya a bar shi, a shafe shi da fenti. In dole sai an cire, a nemo wanda ya san aikin: ya jiƙa shi, ya sauke shi ɗungurungum ba tare da farfasawa ba, ya naɗe a leda mai kauri, yara su yi nisa, a goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma. Takunkumin yadi ko na asibiti ba ya tare wannan zaren, sai mai matata irin ta masu aikin ƙura, kuma kayan da aka yi aikin da su kada su shiga cikin wankin gida.