Game da binciken da kike son yi da hanyar kammala labari

Ƙanwata, na karanta saƙonki inda kika ce kina neman gurbin digiri na biyu a fannin ilimin halayyar ɗan Adam a nan Birtaniya, kuma kina son nazarin ciwon damuwar da ke kama mata bayan haihuwa ta hanyar ba mutane farkon labari su ƙarasa shi. Kin tambaya ko malaman nan suna ɗaukar wannan hanya da muhimmanci. Suna ɗauka, amma sai kin san iyakar abin da za ta iya nuna miki.

Hanyar ba sabuwa ba ce. A ƙarshen shekarun 1960 Matina Horner ta ba ɗalibai a Amurka farkon labarin wata da ta zo ta ɗaya a ajin koyon likitanci, ta ɗauki abin da suka rubuta a matsayin shaidar tsoron nasara da ke ɓoye a zukatan mata. A 1995 Celia Kitzinger da Deborah Powell suka yi amfani da ita a kan cin amanar soyayya, suka nuna cewa ana iya karanta labaran a matsayin ma'anonin da al'umma ta tanada, ba sirrin zuciyar marubucin ba. A kan wannan turba Victoria Clarke da ke Bristol da Virginia Braun da ke Auckland suka raya hanyar, kuma rubuce-rubucensu ne ya kamata ki fara karantawa.

A ganina ta dace da batunki ƙwarai, domin kunya ba za ta bar mai jego ta dubi baƙuwa ta ce ba ta son ɗaukar jaririnta ba, amma za ta iya faɗin abin da ya sami wata Hadiza da ba ta wanzu ba. Ki rubuta, misali, cewa ana gab da arba'in Hadiza ta shaida wa uwar mijinta cewa barci ya ƙaurace mata kuma kuka take yi ba dalili, sannan ki tambaya me ya faru bayan nan. Rabin mutanen kuma ki ba su labarin da mijin ne ta shaida wa. A nan za ki ga wa ya kai ta asibiti, wa ya kira mai ruƙiyya, wa ya ce mata ta yi haƙuri, da kuma labaran da suka ƙare da saki.

Kuskuren da zai iya rusa takardar neman gurbinki shi ne ki ce labaran za su bayyana abin da matan suka fuskanta da kansu. Idan wannan kike nema, hira ce ta dace da ke. Wanda ya rubuta cewa mijin ya tausaya mata wataƙila yana faɗin abin da ya kamata ne, ba abin da zai yi ba.

Ki kuma yi bayanin yadda za ki yi da waɗanda ba sa rubutun boko, ko za ki karɓi ajami ko saƙon murya, da inda za ki tura wadda labarin ya tayar mata da tsohon ciwo, domin kwamitin ɗa'ar bincike zai tambaye ki wannan kafin ya ba ki izini. Kafin ki biya kuɗin neman gurbi, ki aika wa malamin da kike so ya duba aikinki farkon labarin da Hausa tare da fassararsa, ki tambaye shi ko ya taɓa kula da ɗalibin da ya yi aiki da wannan hanya.