Amsar tambayar injin ɓarza tsiro: a saya ko a haɗa?

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da warhaka. Wannan muryar amsa ce ga ɗan'uwanmu da ya yi tambaya jiya da daddare. Ya ce ya fara haɗa abin sha na tsiron sha'ir a gida, ya gaji da sayen ɓarzajje, yana so ya riƙa sayen tsaba yana ɓarzawa da kansa, amma aljihu ba nauyi. Shin ya sayi ƙaramin inji ne, ko ya haɗa nasa? Na ga wani ya ce masa ya zuba a bilenda kawai. To ɗan'uwa, ka yi haƙuri, muryar za ta ɗan yi tsawo.

Ka fara cire maganar gari daga ranka. Ba gari kake nema ba, fasawa kake so ka yi. Ko giya mutum yake haɗawa ko ruwan malt marar sa maye, wannan matakin duk ɗaya ne. Ƙwayar sha'ir da aka tsirar aka busar tana da ɓawo a jikinta. Abin da ake so shi ne cikin ya fashe gida uku ko huɗu, shi kuma ɓawon ya sulluɓe ya fito kusan lafiyarsa. Me ya sa? Idan ka jiƙa shi a ruwan zafi, kamar digiri 63 zuwa 68, sinadaran da tsiron ya tayar a cikin ƙwayar su ne ke mayar da sitaci ya koma sukari, kuma ba za su yi aiki ba sai ruwa ya ratsa ciki. Duk ƙwayar da ta wuce ba ta fashe ba, kuɗinka ne ka zubar. Sannan in an zo tacewa, wannan ɓawon shi ne rariyarka. Shi ke kwanciya a ƙasan tukunya ya bar wa ruwa ƙofofin bi. In ka mayar da komai gari, sai ya cuɗe ya zama kamar laka, ka buɗe famfo ka ga ɗigo ɗaya, ɗigo biyu, shiru. Shi ya sa bilenda ba ta yi ba. Sara take yi da wuƙa, rabi ya zama ƙura, rabi na nan ko ƙwarzane babu.

Yanzu ni ma in tambaye ka, don ba ka faɗa ba: ta yaya kake tacewa? Amsar nan ita ce za ta zaɓa maka inji, ba farashi ba. In a cikin jakar yadi kake zuba hatsin ka tsoma a tukunya, in ya gama ka ɗaga jakar ta tsane, to jakar ce rariyarka, ko ɓawon ya ɗan yayyage ba damuwa. In kuwa tukunya mai famfo kake amfani da ita, wadda ruwa ke bi ta cikin hatsin ya fita ta ƙasa, to dole ka lallaɓa ɓawon nan.

Mai jaka, ni a ganina, ya sayi injin hannu mai faifai ya huta. Irin wanda ake ɗaurewa a bakin tebur ɗin nan, samfurin Corona ko Victoria, waɗanda asalinsu na Kolombiya ne, don niƙa masara aka yi su, ga kuma kwaikwayonsu birjik. A ciki akwai ƙarfe mai murɗi da ke tura hatsi zuwa tsakanin faifai biyu masu haƙora, a gaba kuma akwai sukurun da ke matse su ko ya sassauta. Ka sassauta shi sosai, ka zuba cikin hannu ɗaya, ka juya, ka duba. Ka ɗan matse, ka sake. Haka za ka yi ta yi har ka daina ganin ƙwaya sukutum. Daga nan ka ɗaure notin, kada ka ƙara taɓa shi.

Amma fa yana da halinsa. Faifan da ke juyawa yakan yi rawa, gefe ɗaya ya matse, ɗaya ya buɗe, sai ka ga gari da tsaba suna fitowa tare. Mutane sukan sa washa ɗaya ko biyu a inda ƙarfen gaban yake ɗaure, su daidaita shi. Mazubinsa ƙarami ne, sai ka yanke gindin babbar gorar ruwa ta roba ka kifa a kai. Yana kuma watsa hatsi ko'ina, saboda haka ka kafa shi a cikin bokiti ko ka ɗaura masa leda a baki. In sabo ne, ka fara wuce da ɗan hatsin da ba ka damu da shi ba ka zubar, don ya kwashe mai da ɓurɓushin ƙarfen masana'anta. Kuma ka sani, haɗa lita 20 na abin sha kan ci kilo 4 zuwa 5 na tsiro. Juya wannan da hannu, wallahi kafaɗa za ta gaya maka. Shi ya sa ake cire mariƙin a sa noti, a kama shi da diril, injin hudar nan na hannu.

Mai tukunya da famfo kuwa, ya daure ya tara kuɗi ya sayi mai rola biyu. Wannan ba ya goga hatsi, matse shi yake yi ya fashe, ɓawon ya fito a buɗe. Rola ɗaya kake juyawa, ɗayar hatsin ne ke janta. Duk sirrinsa yana cikin ratar da ke tsakaninsu. Ga sha'ir, ka fara daga milimita 1, ka riƙa wasa tsakanin 0.9 da 1.1. Mai jaka yana iya matsewa ƙasa da haka. Ka nemi siraran ƙarafan awon nan da makanikai ke auna bakin filogi da su. In babu, katin ATM kaurinsa milimita 0.76 ne, in ya shige da ɗan sauƙi ka san ka kusa. Kuma ka auna gefen dama da na hagu, don rata takan karkace ba ka sani ba. In da diril za ka juya, a hankali, kamar zagaye 200 a minti. Gudu na yaga ɓawo, ko da injin mai tsada ne.

Sai batun haɗa naka. Gaskiya abin da ya fi wuya shi ne rolar. Dole ta zama zagaye sak, sandar tsakiya ta zauna daidai a cibiya, boris ya riƙe ta ba motsi, don kuskuren rabin milimita a nan ya lalata aikin. In rolar siririya ce, sai an yi mata ƙananan haƙora a jiki, in ba haka ba hatsin zai tsaya yana tsalle a kai, ba zai shiga ba. Mai kauri ce kaɗai ke iya cafke ƙwaya ko da jikinta sumul ne. To in ba ka da injin sassaƙa ƙarfe, ko aboki mai shi, kafin ka biya ƙarfe da aikin hannu, kana iya wuce kuɗin sabo. Hanyar da na fi yarda da ita, ka sayi kan injin kawai, wato rola biyun da mazauninsu, sauran ka yi da kanka. Katako mai kauri, ka huda tsakiya, ya zauna a bakin bokiti, sai mazubi na katako ko na roba a sama. Aikin yamma ɗaya ne. Akwai kuma masu ɗaukar injin taliya su kakkarce rolarsa da zarto ko bakin diril don ta yi kaushi. Yana yi, ba ƙarya, amma na kilo ɗaya ko biyu ne. Haƙoran da ke juya shi ba don hatsi aka yi su ba, ba sa jimawa.

Ga wata dabara da ke taimaka wa kowane iri. Kafin ka ɓarza, ka fesa wa tsiron ruwa kaɗan, kamar mililita 20 a kowane kilo, ka gauraya da hannu, ka bar shi minti 10 zuwa 15. Ɓawon sai ya yi laushi, ya daina karyewa, cikin kuma yana nan a bushe. Kada ka zarce da ruwan, in ba haka ba ya liƙe a jikin rola ka zauna kankara.

In kana haɗawa da tsiron alkama ko na dawa, su ba su da irin ɓawon sha'ir, ƙwayarsu kuma wani girman ne daban. Ka ɓarza su su kaɗai, ka ɗan matse rata, sannan ka zuba ɓuntun shinkafa wankakke a tukunyar ya tsaya a matsayin rariya. Ɗanyen hatsin da ba a tsirar ba kuwa tauri gare shi, yana wahalar da ƙaramar rola. Ka tsince duwatsu kafin ka zuba, tsakuwa ɗaya ta isa ta fasa haƙori.

Kada ka ɓarza a ɗakin da kake ajiye abin da ka dafa, don ƙurar hatsi na ɗauke da ƙwayoyin bakteriya da ke sa shi tsami. Kada ka wanke injin da ruwa, tsatsa zai yi, buroshi ya wadatar. Hannu da hannun riga su yi nesa da rola in diril na aiki, kuma ka riƙe diril ɗin da hannu biyu, don in ya cije yana murɗe wuyan hannu. Sannan ka ɓarza ranar da za ka yi aiki ko ana gobe, tsaba ta fi ɓarzajje daɗewa.

Ɗan'uwa, ka gaya mana irin tukunyarka tukuna. In ka ɓarza na farko kuma, ka baza cikin hannu ɗaya a farin faranti, ka ɗauki hoto kusa-kusa ka turo, sai mu gaya maka ko a matse ko a sassauta. Na gode, a huta lafiya.