Tambayi Likita: Abin Taɓawa Tsakanin Boko Da Islamiyya

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Yarana uku na dawowa daga boko wajen ƙarfe biyu, kafin la'asar kuma sun wuce Islamiyya. Biskit da cincin nake ba su, amma ba a jimawa sun fara kukan yunwa. Me zan riƙa yi musu mai sauri? Daga wata uwa a Gwammaja.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Biskit da cincin fulawa ce da sukari da mai, ciki kuma na narkar da su nan da nan. Abin da ke riƙe yaro shi ne mai gina jiki: wake, waken suya, ƙwai, gyaɗa. Saurin kuwa tanadi ne ke kawo shi. Ranar da kike da sarari ki surfa wake kwano ɗaya, ki wanke, ki shanya ya bushe ƙarau, a niƙo gari, ki tankaɗe ki adana a roba mai murfi. In da sauran laima a jikinsa, garin zai yi fumfuna.

Idan za ki yi ƙosai, ki ɗibi gwangwanin madara 2 na garin, ki riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan har ya yi kaurin da zai zauna a cokali. Ki bar shi minti 20 ya jiƙa, sannan ki buga shi sosai kamar minti 5 har ya yi haske ya tashi. Albasa da attaruhu ɗaya sun isa, gishiri sai dab da suya. Ki ɗiga ƙullun a mai; in ya taso nan take, man ya yi. Ƙosai na shan mai ne idan ruwa ya yi yawa, ko bugu bai isa ba, ko man bai yi zafi ba. In kuma wuta ta yi yawa, baya zai yi ja ciki ɗanye, ɗanyen wake kuwa na kumbura ciki.

Wainar fulawa ma ki inganta ta: fulawa gwangwani ɗaya, garin wake rabi, ƙwai 2. Ki zuba ta da faɗi, ba kauri, don ta nuna har ciki.

Tambaya: Likita, ɗana ɗan shekara 8 ba ya son komai sai taliyar leda. Akwai illa? Daga wani uba a Hotoro.

Amsa: Malam, babbar damuwata gishirin da ke cikin ƙullin ɗanɗanonta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kusan ƙaramin cokali, yaro kuma ƙasa da haka. A sa rabin ƙullin, kada a ƙara dunƙule, a fasa ƙwai, a yanka karas da kabeji ko a watsa zogale. Kada ta zama ta kullum. Harshen da ya saba da gishiri tun yana ƙarami da wuya ya sake shi, ga hawan jini na jira a gaba. A rage sannu-sannu, don in aka yanke lokaci ɗaya zai ƙi ci.

Tambaya: Ina zuba wa 'yata alala ko awara da asuba ta tafi da ita makaranta. Sau biyu tana dawowa da gudawa. Daga wata malama a Kurna.

Amsa: Allah Ya ba ta lafiya, Malama. Ƙa'ida ita ce dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye ba zafi ba sanyi, a Kano kuwa lokacin bazara zafi kan haura digiri 40. Abincin wake mai laima na saurin lalacewa, musamman in an ƙulle shi a leda yana gumi, kuma yakan ɓaci tun kafin ya yi tsami a baki. Ki nemi ƙaramar kula, ki ɗauraye ta da tafasasshen ruwa, ki zuba abincin da zafinsa ki rufe, ta cinye a tarar farko. In babu kula, ki koma ga busassu: gurasa da garin ƙuli, soyayyar gyaɗa, dabino, ko ƙwan da ya tafasa minti 10 yana cikin ɓawonsa. Ki ja mata kunne kan wanke hannu da sabulu. Idan gudawar ta dawo, a ba ta ORS, wato haɗin ruwan gishiri da sukari, yadda aka rubuta a jikin ledar, tare da ƙwayar zink. Jini a bayan gida, ko amai ba tsayawa, ko idanu su faɗa, wannan sai asibiti ba jira.

Tambaya: Man suya sau nawa za a maimaita? Kuma jikana ɗan shekara 3 zai iya cin gyaɗa? Daga wata kaka a Yakasai.

Amsa: Inna, ki riƙa tace man bayan kowace suya. Da ya yi baƙi, ko kumfa, ko ya fara hayaƙi da wuri, ya tashi aiki. Gyaɗa kuma a tsince wadda ta yi fumfuna ko ta motse ko take ɗaci, domin tana ɗauke da gubar afalatoksin mai cutar da hanta, suya kuma ba ta kawar da ita. Yaron da bai kai shekara 5 ba kada a ba shi ƙwayar gyaɗa, tana iya sarƙe shi ta faɗa hanyar numfashi. A daka masa, ko a dama masa kunun gyaɗa.