Mahaifina ya hana ni harbin macen barewa, ga shi an ba ni lasisinta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a jihar Pennsylvania ta Amurka. Maƙwabcina ya ja ni farauta, na yi kwas, na sayi lasisi, har da na barewa marar ƙaho, wato mace. Mahaifina maharbi ne, kuma tun ina yaro yake ce mini mai kashe mace ya kashe garke. Zuciyata ta ƙi kwanciya. Ba ɓarna ba ce wannan da hukuma ta halatta don kuɗi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya saka wa mahaifinka da alheri, maganarsa gaskiya ce a dajin da ya faɗe ta. Amma dajin da kake ciki yanzu ciwonsa daban ne, kuma wannan magana ta "mace ba a taɓa ta" ita ce na fi shan wahala da ita wurin mafarauta, baƙi da 'yan ƙasa.

Ka ɗauki garken awaki. Bunsuru ɗaya ya ishi awaki da yawa. Ka sayar da rabin bunsuran, haihuwa ba za ta ragu da ko ɗaya ba. Haka barewa mai farar wutsiya take. Barbara a watan Nuwamba, ciki na wajen kwana 200, haihuwa a Mayu da Yuni, kuma lafiyayyar uwa tagwaye take yi galibi. Saboda haka yawan garke yana hannun mata. Wanda ya harbi maza kaɗai bai rage ko ɗaya daga 'ya'yan da za a haifa baɗi ba.

Jihar da kake zaune ta riga ta gwada abin da zuciyarka ke so. A 1907 ta hana harbin mata, lokacin da barewa ta kusa ƙarewa, duk Amurka ba ta wuce rabin miliyan ba. Dokar ta yi aiki, har ta yi fiye da kima, don kyarkeci da damisar dutse masu rage garke an riga an kawar da su. Cikin shekaru ashirin barewa ta fara cinye dajin da ke ciyar da ita. Yau ana ƙiyasta ta kai wajen miliyan 30 a ƙasar. Irin haka ta faru a tudun Kaibab na Arizona: an hana farauta a 1906, aka kashe namun dawa masu cin ta, garke ya cika ya tumbatsa, daga 1924 yunwa ta dinga kashe su dubbai.

Ka shiga dajin da barewa ta yi wa yawa, ka durƙusa ka duba. Daga ƙasa har iya inda za ta miƙa wuya babu ganye, kamar an bi da almakashi. Na taɓa tsayawa a bakin wani ɗan fili da aka kewaye da waya don gwaji. Ciki ƙananan itatuwa sun yi duhu har ba a ganin ƙasa, waje kuwa fayau, sai ciyawar da barewa ba ta ci. Idan dusar ƙanƙara ta sauka, 'ya'yan da kake tausayi su ne farkon mutuwa, don wuyansu bai kai ganyen da ya rage ba. Wannan mutuwar ba mai ɗaukar hotonta, shi ya sa mutane ba sa ƙirga ta.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne masu yaɗa cewa hukuma kuɗin lasisi take nema. An zagi Aldo Leopold, masanin kula da namun daji, a jihar Wisconsin a 1943 da ya ce a rage mata. Haka aka yi wa Gary Alt, jami'in kula da barewa na hukumar farauta a jiharka, shi da ya zagaya gari-gari yana fuskantar mafarauta masu fushi kafin a ƙara lasisin mata, a kuma kafa dokar ƙaho a 2002. Dokar ta ce a mafi yawan jihar namiji sai mai tsini uku a gefe ɗaya na ƙahonsa. Dalili kuwa, a da yawancin mazan da ake harbewa 'yan shekara ɗaya da rabi ne, ba a barin su su girma. Masu ihun nan so suke su ga barewa hamsin a rana, ko daji zai mutu.

Idan ka fita, ga inda za ka tsananta lura. Lasisinka na yanki ɗaya ne, kada ka tsallaka da shi. Ɗan namiji na bana ba shi da ƙaho sai ƙulli biyu, kuma shi ne mai saurin fitowa fili shi kaɗai. Kansa a baje yake, fuskarsa gajera. Ka jira har su fito da yawa, ka zaɓi babbar mace mai doguwar fuska. A ƙarshen Nuwamba 'ya'yanta sun riga sun bar nono. Ka sa rigar lemo mai haske, ka kai rahoton abin da ka harba cikin kwana goma. Idan yankin na cikin wuraren da ke da ciwon ramar barewa (CWD), wanda ya ɓulla a jihar a 2012, ka kai kan barewar a gwada kafin ka ci naman.

Sai dai ina roƙonka, kada ka ɗauko wannan fatawa ka kawo gida. Barewarmu ɗa ɗaya take haifa, an bi ta da bindiga da mota da gobarar daji har ta zama abin labari a wurare da yawa. A gandun dajin Termit na Nijar ma, da aka killace a 2012, abin da ya rage na wasu irin ƙalilan ne. Can maganar mahaifinka na nan daram, har ma namijin ya kamata a ƙyale.