Da gaske ana tura yaro gaban bijimi a Sifaniya?

Tambaya: Ɗana yana karanta littafin Shadow of a Bull, inda mutanen wani gari a Andalus, kudancin Sifaniya, suka matsa wa yaro Manolo ya gaji mahaifinsa, ya fuskanci bijimi yana ɗan shekara 12. Ana yin haka kuwa, ko ƙirƙirar marubuciya ce?

Amsa: Malama, garin da mutanensa ƙirƙira ne, amma al'adar gaskiya ce. Maia Wojciechowska ta fitar da littafin a 1964, ya ci lambar Newbery ta littattafan yara a Amurka a 1965.

Abin da yaro ke shiga ba babban wasan fage ba ne. Sunansa tienta, gwajin da makiyaya ke yi a ƙaramin fili cikin gona, yawanci da karsana 'yar shekara 2, don a ga ko tana da zuciyar da za a bar ta ta haihu. A nan masu koyo ke gwada hannunsu. Karsanar ma tana kayar da mutum, tana karya haƙarƙari.

Bijimin fage kuwa sai ya cika shekara 4, kuma a manyan filaye irin Las Ventas na Madrid ba a karɓar wanda bai kai kilo 460 ba. Ba a yarda ya taɓa ganin ƙyallen da ɗan wasa ke kaɗa masa kafin ranar ba. Dabbar tana da saurin ganewa: da ta fahimci ƙyallen yaudara ne, sai ta bar shi ta nufi jikin mutum. Shi ya sa aka ƙayyade zagayen ƙarshe: gargaɗi a minti 10, na biyu a 13, a 15 a fitar da bijimin. Ba ruwan bijimin da jan launin ƙyallen, motsi yake bi. Yaron da tsoro ya sa ƙafarsa ta motsa kafin ƙyallen, shi ƙahon zai nema.

Batun gado kuma ba ƙari a ciki, kamar yadda hawan ƙaho ya zama na gidan mahauta a wajenmu. Bijimi ya kashe shahararren ɗan wasa Paquirri a garin Pozoblanco a 1984, 'ya'yansa Francisco da Cayetano duka suka shiga fage. Sai dai dokar Sifaniya ta yanzu ba ta barin wanda bai kai 16 ba ya yi sana'ar, dalilin da ya sa fitaccen ɗan wasa El Juli ya tafi Meziko yana yaro ke nan.

Ki sanar da ɗanki tun da wuri cewa a babban wasa kashe bijimin ake yi, kuma 'yan ƙasar da yawa suna ƙyamar abin. Majalisar yankin Kataloniya ta haramta shi a 2010, kotun tsarin mulki ta soke haramcin a 2016.